Saura Maɓalli

Shekara bakwai na yi ina rubuta wani shirin barkwanci da ake nunawa duk mako a talabijin a nan Sakkwato. Biyar na farko ina alfahari da su har gobe. Biyun ƙarshe kuwa su ne suka koya mini aikin, kuma har yau in na tuna su sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Ƙungiyarmu ƙarama ce, mu goma sha huɗu, har da mai riƙe fitila da yaron da ke kula da janareto. Wani ɗan kasuwa ne ke ɗaukar nauyi, yana saya mana fili a tasha zango-zango, kowane zango mako 13. Labarin na wani tela ne Bagobiri mai shago a wani lungu kusa da Tsohuwar Kasuwa, da yaronsa mai koyon ɗinki, da maƙwabcinsa Bayarabe mai gyaran rediyo. Wanda ya san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarabawa ya san ba mu sha wahalar haɗa su ba, kullum kowanne na iƙirarin shi ne ubangidan ɗan'uwansa.

Maganar da ta fito da mu ba ni na rubuta ta ba. A fitowa ta huɗu ne, wani ango ya zo karɓar babbar rigarsa ana gobe ɗaurin aure, alhali shaddar na nan a ninke, ko almakashi bai taɓa ta ba, telan ma a kanta yake zaune. Ni abin da na rubuta shi ne ya ba da haƙuri ya kawo uzuri. Dattijon da ke fitowa a telan, wanda duk muke kira Baba, sai ya gyara zama a kan shaddar, ya dubi ango ido cikin ido ya ce, "Ai an ƙare, saura maɓalli." Mai ɗaukar hoto ya yi ta ƙoƙarin danne dariya, kafaɗarsa na rawa, hoton na rawa. Sau uku muna sake ɗauka. Kafin wata guda maganar ta shiga gari. Bakanike ya ce wa mai mota saura maɓalli, magini ya ce wa mai gida saura maɓalli, har ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na ji suna faɗa wa juna in an tambayi kundin bincikensu.

Na daɗe ban gane abin da ya sa mutane suka so telan nan ba. Na ɗauka maganar ce. Ashe mutumin ne. A shekarun farko telanmu ba maƙaryaci ba ne, mutum ne mai kunya da ba ya iya cewa a'a. Kowa ya kawo yadi sai ya karɓa, don ba ya son ganin ɓacin ran kowa, ga bashin hayar shago, ga wutar lantarki da ba ta zama. Ƙaryarsa daga tsoron kunyata take fitowa, shi ya sa mai kallo ke dariya yana kuma tausaya masa. Akwai fitowar da muka yi ta jajibirin Sallah, inda ya ajiye ɗinkin wani Alhaji ya kwana yana ɗinka wa wani maraya riga da fitilar hannu a baki, da gari ya waye Alhajin ya zo, sannan maganar maɓalli ta fito. Ranar nan mata sun kira tasha suna cewa sun yi dariya sun yi hawaye. A shekara guda maganar ba ta fi fitowa sau bakwai ko takwas ba, kuma duk sa'ad da ta fito akwai dalilinta.

Matsalarmu lissafi ce. Fitowa 52 a shekara, ba hutu, kuma ni kaɗai ke rubutu. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo ya san Mr. Bean, amma kaɗan ne suka san cewa ainihin shirin da Rowan Atkinson ya yi a Ingila tsakanin 1990 da 1995 fitowa 15 ne kacal. Abin da suka ɗauki shekara biyar suna tacewa, mu cikin wata huɗu muke zubar da adadinsa. Shagon tela kuwa labaran da ke cikinsa suna da iyaka: rigar da ta matse, yadin da aka musanya, awon da ya ɓace, anko na biki, cunkoson Sallah. Da muka shiga shekara ta biyar na riga na juya kowanne sau uku.

Daga nan na fara abin da yanzu nake gane shi a kowane shiri da ya tsufa, tun daga nesa. Da labari ya ƙare a cikin shago, sai na fitar da telan daga shagon. Na kai shi Abuja neman kwangilar ɗinka kayan 'yan makaranta. Na sa ya tsaya takarar kansila. Na ƙirƙiro masa tagwai wanda wai ya ɓace a Nijar tun suna yara, Baba ya riƙa fitowa a mutum biyu. A Amurka wannan hali har suna gare shi. A 1977, a wani shirin barkwanci mai suna Happy Days, an sa tauraron shirin ya yi tsalle a kan ruwa ya tsallake kifin shak, kuma tun daga nan in shiri ya fara neman dariya da abin da bai dace da shi ba sai su ce ya tsallake shak. Abin da ya fi jan hankalina a labarin shi ne shirin bai mutu a ranar ba, ya ci gaba har 1984, mutane na kallo. Haka namu. Tagwan nan ya zo, ba wanda ya kashe talabijin. Masu kallo ba sa gudu ranar da shiri ya lalace, sabo ke riƙe su, kamar mai zuwa shagon shayin da ya saba ko da madarar ta ragu. Mu kuma muka riƙa ɗaukar sabon nan a matsayin shaidar cewa aikinmu na kyau.

Mafi muni shi ne abin da na yi wa telan kansa. Duk sa'ad da shafi ya yi sanyi na rasa abin dariya, sai na jefa maganar maɓalli. Ta koma sau uku, sau huɗu a fitowa ɗaya. Kunyar nan tasa ta ɓace, tausayin ya ɓace, ya zama mutum mai ƙarya don ƙarya, mai cin amanar jama'a yana washe baki. Bayaraben da a da yake da mata da 'ya'ya da burin zuwa Hajji ya koma karyayyar Hausa kawai. Yaron shago kuwa yana ɗan shekara goma sha biyar muka fara da shi. A shekara ta bakwai ya yi gemu, an sa masa ranar aure, amma a cikin shiri har yanzu ranƙwashi ake yi masa don ya zubar da allurai. The Simpsons na Amurka tun Disamban 1989 ake yin sa, ya haura fitowa 750, kuma ɗaya daga abin da ya ba shi damar haka shi ne zane ne, yaran ciki ba sa girma. Duk da haka masu sharhi da yawa na ganin kyawunsa na gaske a shekaru goman farko ya tsaya. To ina ga mu da muke aiki da 'yan Adam, masu furfura da ciwon gwiwa? Da na bar yaron nan ya girma a cikin labarin, ya buɗe nasa shagon a gaban na maigidansa, da na samu labarin shekara biyu mai rai. Tsoron taɓa abin da mutane suka saba da shi ne ya hana ni.

Alamar farko a wurin ɗauka ta bayyana, ni ne ban karanta ta ba. Kafaɗar mai ɗaukar hoto ta daina rawa. Komai sau ɗaya ake ɗauka a wuce, mu tashi da wuri, har muna yaba wa kanmu cewa mun ƙware. Mai tace hoto da a da nake jiyo dariyarsa daga waje, yanzu yana aiki yana latsa waya.

Ta biyu kuwa ba ta bar mini wurin ɓuya ba. Wani dare na tsaya shan shayi a Mabera, a wata majalisa da ba a san ni ba, aka yi sa'a shirinmu ake nunawa. Mutum kusan goma a kan benci. Wani ya shigo shago a cikin shirin yana tambayar rigarsa, kafin Baba ya buɗe baki yara biyu da ke tsaye suka faɗi maganar tare. Ba wanda ya yi dariya. Wani dattijo da ke kusa da ni ya kurɓi shayinsa ya ce wa mai shayin, "Malam, sa muna ƙwallo. Wanga mun san abin da za ya ce." Ba da ƙiyayya ya faɗa ba. Har ya ƙara da cewa da can shirin ya yi daɗi, ya kawo labarin rigar marayan nan tiryan-tiryan, abin da aka nuna shekara huɗu baya. Fitowar makon jiya kuwa na tabbata da an tambaye shi ba zai iya tuna ta ba. Na biya kuɗin shayina na hau babur, ban yi barci ba sai bayan asuba.

Washegari na kai wa shugaban ƙungiyarmu magana cewa mu rufe a ƙarshen zango. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, na ji. To su wa za su ciyar da gidaje goma sha huɗu?" Ban da amsa, kuma har yau ba na ganin laifinsa. Ana yawan kawo misalin ɗan wasan barkwanci Jerry Seinfeld, wanda ya rufe shirinsa a 1998 bayan shekara tara, lokacin da ya fi kowane shiri masu kallo a Amurka, ya ƙi tayin dala miliyan 5 a kan kowace fitowa, kuma mutum wajen miliyan 76 suka kalli fitowar ƙarshe. Abin a yaba ne. Amma wanda ya riga ya tara abin da jikokinsa za su ci, barin aiki ba ya yi masa wuya. Baba da kuɗin shirin nan yake biyan haya da kuɗin makarantar 'ya'ya. Mai cewa a rufe shiri tun yana tashe, in bai kawo abin da za a kama bayansa ba, bai gama magana ba. Kuskurena ke nan. Na zo da hujjar rufewa, ban zo da sabon shiri a hannu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ni sai da tafiya ta kama na fara neman wuƙa. Da tun a shekara ta huɗu na fara rubuta wani abu a gefe, da mutanen nan guda za su koma ciki, da shawarar ta yi sauƙi.

Muka ƙara shekara ɗaya da rabi a haka. Sannan kasuwa ta juya wa mai ɗaukar nauyinmu baya, zango ya ƙare bai sabunta ba, aka sanar da mu ta waya. Fitowarmu ta ƙarshe a kan ɓatan almakashi ce, wadda na rubuta cikin awa biyu. Ba sallama, ba godiya ga masu kallo. Mako mai zuwa aka sa wani abu a filin.

A ganina haka yawancin shirye-shiryenmu na Hausa suke yi, ɓacewa suke ba ƙarewa ba, ko kuɗi ya yanke ko ajali ya ɗauke jigon. Da Usman Baba Pategi ya rasu a Nuwamban 2023, na ga yadda mutane suka riƙa tuna Samanja, Hausarsa ta bariki da tsawarsa ga kurata. Shi kansa tsohon soja ne, ya san mutumin da yake kwaikwayo ciki da waje, kuma mutumin nan aka riƙe a zuciya. Irin wannan riƙon shi ne dukiyar ɗan wasa, kuma kowace fitowa marar rai da aka ƙara tana ɗan gutsurar ta. Shi ya sa nake ganin lokacin rufewa yana zuwa ne tun kafin masu kallo su ragu: ranar da marubuci ya lura yana sa jaruminsa yin abin da mutumin farko ba zai yi ba, don kawai ya cika minti 25.

Yanzu wani shiri nake rubutawa, na masu sayar da albasa. Kafin na rubuta fitowa ta ɗaya sai da na rubuta ta ƙarshe, kuma na ce wa ƙungiya zango biyu ne, fitowa 26, in an kai nan za a tsaya ko da ana tafi. Mun yi gardama sosai kafin su yarda, kuma sharaɗinsu shi ne kafin zango na biyu ya kai rabi in kawo abin da zai biyo baya. Na karɓa.

Akwai wata takarda da na rubuta tun daren shayin nan, fitowar da na so mu rufe tsohon shirin da ita. A ciki yaron shago ne zai yi aure, ya kawo wa maigidansa shadda, kowa a unguwa na yi masa dariya don an san abin da zai faru. Ranar ɗaurin aure da asuba telan ya ƙwanƙwasa masa ƙofa da riga a ninke, an yi mata aiki har ƙasa, ya zauna a bakin ƙofa ya ɗinke maɓallin ƙarshe a gabansa, bai ce komai ba. Watannin baya na kai wa Baba ita a gidansa, na same shi a gindin dogon yaro yana jin rediyo. Idonsa ya yi rauni, ni na karanta masa. Da na kai ƙarshe ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, wanga shi ya kamata mu yi tun ƙahwata na taka keke." Na miƙa hannu zan karɓi takardar, ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, ya ce in bar masa, jikarsa za ta sake karanta masa da dare.