Cocin Girkawa a Kolkata

Yayana na raka asibiti a Kolkata, to ranar da likita ya ce ya huta kar a dame shi sai na ce bari in ɗan zaga gari, zaman ɗaki ya ishe ni. Na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na sauka a Kalighat, unguwar da babban wurin bautar Hindu yake, cunkoso ba a magana, masu sayar da jajayen furanni, hon ɗin tasi masu ruwan ɗorawa, ga zafi mai danƙo. Na tsaya shan shayi a ɗan kofin ƙasa da suke jefarwa in an gama, ina ɗaga kai sai ga wani gini mai manyan ginshiƙai huɗu a gaba, sak irin na hotunan tsohuwar Girka. Na ce wa mai shayin, malam wannan fa? Ya ce cocin Girkawa ne.

Girkawa a Indiya! Da farko na yi dariya, sai kuma na tuna ai mu ma Leventis da Zochonis na kamfanin PZ duk jinin can ne, mutanen nan akwai bin kasuwa.

Wani dattijo da ke share harabar ya bar ni na leƙa. Ashe tun wajen 1750 wani attajiri Alexios Argyree ya zo garin daga Philippopolis, wato Plovdiv ta Bulgeriya a yau. Labarin da ake bayarwa shi ne guguwa ta kusa kifar da jirgin ruwan da yake ciki, ya yi alwashi in ya tsira zai gina coci. Ya tsira, amma bai ga ginin ba, ya rasu a Dhaka a 1777, sai a wajen 1780 aka gina a titin Amratollah, har gwamnan Turawan Ingila Warren Hastings ya ba da gudummawa. Wanda na gani ɗin daga baya aka gina shi, na 1925, lokacin da kamfanin Ralli Brothers na Girkawa ke juya kuɗi a cinikin rama da ake saƙa buhuna da ita.

Abin da ya fi tsaya min a rai wani malami ne, Demetrios Galanos, an kawo shi a 1786 ya koyar da yaran Girkawa, bayan 'yan shekaru ya tattara ya koma garin Banaras yana karatun Sanskrit, tsohon harshen Indiya, har ya mutu can a 1833. An ɗauko ka koyarwa ka ɓige da almajirci.

Bayan Indiya ta samu 'yanci a 1947 suka riƙa watsewa har aka rufe cocin, sai a 1991 wani limaminsu ya zo daga Girka ya sake buɗewa. Yanzu masu ibada a ciki 'yan Bengal ne, wato mutanen yankin, rubutun Girkanci na nan a jikin marmara. Na so in wuce maƙabartarsu a Phoolbagan amma yaya ya kira wai in taho masa da ayaba.