Hedojin kanel, da tsawar da na yi wa Auta

Yau na yi wa Auta tsawa, kuma har yanzu abin bai bar raina ba.

Da safe lafiya lau na tashi. Na zauna gaban tsohuwar kwamfutar nan da muke rabawa ni da shi, zan harhaɗa ɗan shirina na yaren kwamfuta C wanda jiya ma ya haɗu sumul. Sai gcc, mai harhaɗa shirin, ya tsaya cik, wai bai ga uapi/linux/errno.h ba. Ni kuwa errno.h kawai na kira, wani heda, wato fayil mai ɗauke da sunaye da lambobin da shiri ke buƙata kafin ya haɗu. Da na leƙa /usr/include, inda hedoji ke zama, sai na tarar foldar linux ta koma mahaɗi, kibiya tana nuni zuwa cikin tushen kanel, wato zuciyar tsarin Linux, da wani ya sauke. Ta asalin an canza mata suna an ture ta gefe.

Wai wani. Mu biyu ne ke taɓa na'urar.

"Yaya, ai sabon kanel na haɗa jiya da dare," in ji shi, baki har kunne. "Na ga hedojin tsofaffi ne, shi ne na juya su ga sababbi."

Nan na hau shi da faɗa. Ya bari sai da na gama, sannan ya ce a hankali, "To in kanel sabo ne, me zai sa hedojinsa su zauna tsofaffi?" Na ce masa haka ake yi kawai. Amsar banza.

Ga abin da ya kamata in faɗa masa. Hedojin kanel iri biyu ne. Akwai na cikin gida, waɗanda kanel ke amfani da su shi da kansa, suna sauyawa duk fitowa, ba a yi wa kowa alkawari a kansu ba. Akwai kuma na bakin ƙofa: lambobin kiran tsarin, lambobin kuskure, fasalin bayanan da shiri ke miƙa wa kanel. Da waɗannan laburaren glibc, wanda shirye-shiryen C ke dogara da shi, ke jingina, kuma a Debian, wani nau'in Linux, ƙunshin linux-libc-dev ne ke ajiye su. Tsufansu ba illa ba ne, don shirin da aka haɗa da tsohon heda yana aiki a kan sabon kanel, abin da zai rasa kawai shi ne sababbin abubuwan da aka ƙara. Mai haɗa direba, wato shirin da ke sarrafa wani sashen na'ura, kuma nasa hedojin daban suke, ta /lib/modules ake kai musu.

Abin haushin, dabarar Auta ita ce al'ada a da. Tun a 2000 Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ke cewa a bar wannan mahaɗin, hedojin /usr/include su dace da laburare, ba da kanel ɗin da ka haɗa yau ba. A 2006 kanel 2.6.18 ya zo da make headers_install, mai tace hedojin kafin a fitar wa shirye-shirye. A 2012 kuma, a 3.7, David Howells, ɗaya daga masu aikin kanel, ya kwashe na bakin ƙofa ya kai su foldar uapi. Shi ya sa errno.h na cikin gida ke neman ɗan'uwansa a can, gcc kuwa bai san hanyar ba. Duk na san wannan, amma ba ko ɗaya da ya fito bakina.

Gyaran bai kai minti biyu ba. Na goge mahaɗin, na mayar wa foldar sunanta, shirin ya haɗu.

Sauran yinin ba labari. Taro da Oga, ya ja. Ciwon kai da yamma.

Abin da ke cin raina shi ne, yaron nan shi kaɗai ya haɗa kanel, na'urar kuma ta tashi da shi, ko sannu ban ce masa ba. Ni sai da na gwada sau uku kafin nawa na farko ya tashi. Yau da wuri ya shige ɗaki. Na rubuta include/linux da include/uapi/linux a 'yar takarda, na ja layi a tsakaninsu, na ajiye masa a kan kibod.