Gem Ɗin da Suka Jure Zafin Kano, da Waɗanda Netwok Ke Kayarwa

A garin nan, kafin ka yabi gem saboda kyawun hotonsa, sai ka auna shi da abubuwa uku: wuta, netwok da zafi. Wasan da ya ci kyaututtuka a Turai yana iya zama ciwon kai a Kurna ko Sheka idan ba ya tafiya sai da intanet marar yankewa. Da wannan ma'aunin na duba wasannin da na buga a 'yan watannin nan, wasu a PS4, wasu a waya.

Ƙwallo ce gaba, don ita ce ta riƙe gidajen gem ɗinmu. Tun 2023 kamfanin EA ya ajiye sunan FIFA ya koma EA Sports FC, shi kuma Konami ya mayar da PES zuwa eFootball tun 2021. FC 25 ya fi kowa sunayen ƙungiyoyi da riguna na gaskiya, kuma ɓangaren Rush, inda ake buga biyar da biyar a ƙaramin fili, yana da daɗi idan kun taru ku huɗu. Amma a ganina, wurin nauyin ƙwallo a ƙafa da yadda ɗan wasa ke juyawa, har yanzu PES 2021 bai tsufa ba. Ba don son tsohon abu masu gidan gem ke riƙe da shi ba: yana da Master League, inda kake jan ragamar ƙungiya kaka bayan kaka, ba ya neman intanet, kuma da fayil ɗaya a filasha za a sa masa riguna da tambarin ƙungiyoyi. Shi eFootball kyauta ne, sai dai ƙarfinsa duk yana kan intanet, ƙungiyoyin da za ka buga da abokinka a zaune kuwa kaɗan ne.

Kuskuren da ke sa mutum ya sha ci idan ya sauya daga wannan zuwa wancan ƙarami ne: a PES maɓallin murabba'i ne bugun raga, da'ira kuma kurosi, a FC akasin haka ne. Gudu ma a PES 2021 yana kan R1, a FC yana kan R2. Kafin a take wasa, ka shiga saitin hannu ka gyara. A FC kuma, babban abin da ke buɗe baya shi ne riƙe maɓallin gudu lokacin tsaro. Mai tsaron baya ya zo a guje, a yi masa yanka ɗaya, shi ke nan an wuce shi. Ka riƙe L2 ka bi mai ƙwallo a hankali kana fuskantarsa, ka ja ɗan tsakiya ya dawo ya taya ka, ka bar 'yan baya a layinsu.

Wanda ya fi kama ni a cikin duka shi ne Elden Ring, na kamfanin FromSoftware, wanda ya fito a 2022, kuma yana tafiya a PS4 ba tare da intanet ba. Mutane da yawa suna ajiye shi tun a awa biyun farko, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne. Da ka fito fili a Limgrave za ka ga wani mahayin doki mai sulken zinariya. Ba a ajiye shi nan don ka yaƙe shi yanzu ba, kewaye shi za ka yi. Sannan hasken da ke nuna hanya zai kai ka wurin wani babban abokin gaba, Margit, a ƙofar fadar Stormveil, alhali ba ka yi ƙwari ba. Dabara ita ce ka juya kudu, ka haye gada zuwa Weeping Peninsula. Akwai majami'u uku a can, kowace da Sacred Tear da ke ƙara wa kwalbar maganinka ƙarfi. Maki na farko ka zuba su a Vigor, wato yawan jinin mutuminka, har ya kai 20 ko 25, ka ɗaga makaminka zuwa +3 a teburin maƙera na Church of Elleh, kuma kada nauyin kayanka ya haura kashi 70 cikin ɗari, in ba haka ba mirginawarka za ta yi nauyi kamar ka ɗauki buhun gero.

Shi Margit abin da yake koyarwa haƙuri ne. Yakan ɗaga sandarsa ya tsaya, ya tsaya, har sai ka firgita ka mirgina da wuri, sannan ya sauke ta a kanka. Hannunsa za ka kalla, ba sandar ba, kuma ka mirgina zuwa gare shi, ba baya ba. Bugu biyu ka yi ka ja da baya; na ukun nan na kwaɗayi shi ke kashe mutum. Aibi ɗaya da ya shafe mu kai tsaye: wasan ba shi da maɓallin dakatarwa. Idan an kira salla, ka zauna a wurin hutawa da ake kira Site of Grace ko ka fita zuwa shafin farko, kada ka bar mutuminka a tsaye a daji.

A waya, wasannin harbi ne suka mamaye majalisu. Free Fire shi ne ya fi dacewa da ƙaramar waya: mutum 50 a fili, wasa ɗaya kamar minti 10, kuma waya mai RAM 2GB tana ɗaukarsa. PUBG Mobile mutum 100 ne, wasa yana iya kai rabin awa, don haka ba abin farawa ba ne ana gab da Magariba. Call of Duty: Mobile, wanda ya fito a 2019, ya fi su santsin harbi a wasan biyar da biyar, sai dai cin wuri gare shi, ka sauke taswirorin da kake bugawa kaɗai. Dukansu ukun lambar ping, wato jinkirin saƙo tsakanin wayarka da saba (babbar kwamfutar wasan), ce ke yanke hukunci. Ƙasa da 100 za ka yi wasa lafiya. Da ta haura 150 za ka ga ka shige bayan bango amma an harbe ka, domin abin da kake gani ya riga ya wuce a wurin saba. Buga wasan ba ya cin data sosai, sabuntawa ce ke lashe gigabait. Sannan a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, waya tana rage gudun kanta don kada ta ƙone, wasa ya fara tsinkewa. Ka cire mata riga, kada ka buga tana caji, ka sauke ingancin hoto zuwa mafi ƙasa ka ɗaga yawan firem.

Stardew Valley ya ba ni mamaki. Mutum ɗaya, Eric Barone, ya haɗa shi, ya fito a 2016, ba ya buƙatar netwok, kuma ba ya ɗumama waya. Gona ce ka gada, kowane yanayi kwana 28 ne, kuma shukar da ba ta nuna ba kafin yanayi ya juya, ta mutu. Farin kabeji kwana 12 yake yi, saboda haka shuka shi bayan rana ta 16 asarar iri ce. Ban ruwa da hannu ne ke cinye ƙarfinka, shi ya sa na'urar yayyafi mai shayar da gurbi 8 take da amfani ƙwarai. Duk wanda ya taɓa ganin noman rani a Kura ko Kadawa zai gane lissafin nan take.

A wasan faɗa, masu PS4 su sani Tekken 8 da Mortal Kombat 1 ba su sauko wa na'urarsu ba. Tekken 7 da Mortal Kombat 11 ne iyakarsu, kuma sun isa a raba gardama.

Ita na'urar kanta, ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabarta. Idan fankar PS4 ta fara ƙara kamar injin markaɗe, ƙura ce ta toshe ƙarfen da ke fitar da zafi, ko man da ke kan ƙwaƙwalwarta ya bushe. Masu gyara a Farm Centre suna buɗewa su share su sauya man. Kada a ajiye ta a kan kafet, a bar mata tazarar santimita 10 daga bango. Hannun da ɗan wasa ke tafiya shi kaɗai ba ka taɓa shi ba, ƙura ce ko gogewa a cikin analog. A ɗiga sinadarin goge waya a gindinsa a jujjuya, in bai daina ba a canja analog ɗin, ba sai an sayi sabon hannu ba. Kada kuma ka bar PS4 ɗin a Rest Mode, wato yanayin barci, inda ake yawan ɗauke wuta. Idan wuta ta tafi tana aiki, ta dawo tana nauyi, ka kashe ta gaba ɗaya, ka danne maɓallin kunnawa har ka ji ƙara ta biyu, wajen daƙiƙa 7, ka haɗa hannu da kebul, ka zaɓi Rebuild Database. Wannan ba ya goge ajiyar wasanka. Wanda ke gogewa shi ne Initialize, yana can ƙasa a jerin.