Gawayi a makiyaya: ciyawa ma tana da siyasarta

Duk wanda ya taɓa bin daji bayan ruwan farko ya san wajen da masu gawayi suka tashi, ƙasar baƙa ƙirin, ciyawar gefen kuma wani lokaci tafi ta ko'ina kore. Tun ina yaro nake ganin haka, ban taɓa kawo komai a raina ba sai da na fara jin maganar biochar, wato gawayin da ake yi musamman dan a zuba a ƙasa, ba dan girki ko guga ba.

Yadda ake yinsa ba wani abin mamaki bane, karan dawa ko totuwar masara ko ɓawon gyaɗa ake ƙonawa a hana shi iska sosai, zafi kamar digiri 300 zuwa 700, sai ya zama gawayi mai ƙananan ramuka maimakon toka. Ramukan nan su ke riƙe ruwa da taki, shi yasa yafi amfani a jigawa inda ruwa ke zurarewa, kuma yana rage tsamin ƙasa. A Amazon na Brazil akwai baƙar ƙasa da ake kira terra preta, mutanen da suka yi ta da gawayi sun shuɗe ɗaruruwan shekaru amma har yau tana da ƙarfi.

To amma fa makiyaya ba gona bace. A gona abu ɗaya ka shuka, in ya yi kyau shikenan. A daji kuwa gamba da kyasuwa da ƙarangiya da gadagi duk kokawa suke akan ruwa da abinci ɗaya, ka canza ƙasar ka canza wanda zai ci kokawar. A Holan an gwada a wani filin ciyawa, dangin wake ne suka fi samun riba, ana danganta hakan da sinadarin potasiyam da ke cikin gawayin, su kuma dama naitrojin ɗinsu, wato sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, daga iska suke samu. Ga mai shanu wannan daɗi ne, amma wata ciyawar za a iya danne ta.

Sannan gawayi ba taki bane wallahi, in ka zuba shi sabo yakan riƙe naitrojin na ɗan lokaci ciyawa ta yi rawaya, gara a cuɗa shi da kashin shanu ya kwana biyu tukuna. Abin da ke damuna shine kar a ce za a sari itace dan a yi shi, kuma karan da za a ƙona ɗin ma shine abincin dabbobi da rani, har sayensa ake. Ni dai ɓuntun shinkafa nake ganin yafi dacewa, tunda ga shi nan tuli a bayan injina.