Saƙon Godiya: Baba Ya Taka Zuwa Masallaci

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi. Jiya Juma'a Baba ya taka da ƙafarsa, yana dogara sanda, daga ƙofar gida har masallacin unguwa. Wata 7 ke nan tun ranar da hawan jini ya kayar da shi a shago, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma ta sarƙe.

A madadin iyalansa, ina miƙa godiya ga 'yan uwa da maƙwabta da abokan kasuwancinsa na Kantin Kwari da suka yi ta zaryar dubiya, da waɗanda suka tallafa da kuɗin magani, da masu yi mana addu'a daga nesa. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Godiya ta musamman ga ma'aikatan sashen gashi, wato atisayen motsa gaɓoɓi, na Asibitin Malam Aminu Kano. Gaskiya a makonnin farko mu ne muka kusa ɓata aikin, saboda tausayi. Mu ba shi abinci a baki, mu sa masa riga, ko kofi ba ma bari ya ɗauka. Shi kuwa ya juya fuska bango. In an ce a tafi gashi sai ya ce a ƙyale shi, abin da Allah ya ƙaddara ya riga ya faru.

Likitar gashin ba ta yi musu da shi ba. Tambaya ɗaya ta yi masa: "Baba, me ka fi so ka koma yi da kanka?" Ya daɗe shiru, can ya ce, "Alwala." Shi ke nan, aka ɗora komai a kan buta. Ya fara riƙe ta babu ruwa, daga baya da rabin ruwa. Tashi daga kujera sau 10 da safe, sau 10 da yamma. Ta fahimtar da shi cewa ciwon a ƙwaƙwalwa yake, ɓangaren hagu, maimaita motsi ne ke koya mata sabuwar hanya, kuma an fi samun sauƙi cikin wata 3 zuwa 6 na farko. Mu ma mun sha faɗa: kada a ƙara jan sa ta hannun da ya shanye don kafaɗa na iya gocewa, kuma a bar shi ya sa maɓallin rigarsa ko zai ɗauki minti 20.

Inna, sannu da haƙuri. Na san yadda kika daure kina kallonsa yana fama da cokali ba ki karɓa ba. Sai jikarsa 'yar aji uku da ke ƙirga masa atisaye, ba ta yafe ko ɗaya (ita kaɗai ce ba ya iya yi wa tsawa). Da mai adaidaita sahun da ke kai mu asibiti, yana jira ba ya ƙorafi.

Yatsun hannun har yanzu da sauransu, ba su gama buɗewa ba, gashi kuma ana ci gaba. Muna roƙon a ci gaba da sa shi cikin addu'a. Allah ya ba duk marasa lafiya na gida da na asibiti sauƙi, amin.