Ranar da na je Brands Hatch kallon tseren ƙarshe na 2019

Tun watan Afirilu nake bibiyar gasar BTCC a talabijin, wato gasar tseren motoci ta Birtaniya wadda ake yi da motoci irin waɗanda muke gani kullum a titi, kuma duk Lahadin da ake tsere zan kunna tashar ITV4 in zauna tun safe har yamma ko girki ba na yi. To da aka zo zagayen ƙarshe a filin tseren Brands Hatch ranar 13 ga Oktoba 2019 sai na ce wallahi wannan karon da idona zan gani. Na kira kawuna da ke zaune a Landan, wanda ya yi shekaru yana kanikanci kafin ya zo ƙasar nan, na ce Kawu ka shirya ranar Lahadi zan kai ka inda ake wahalar da mota. Ya yi dariya ya ce "ɗana in dai akwai ƙarar inji ai ko ba ka roƙe ni ba zan je."

Da asuba muka fita bayan mun yi sallah, gari duk a jiƙe ga sanyi mai shiga ƙashi. Mun hau jirgin ƙasa daga tashar Victoria zuwa wani ƙaramin gari da ake kira Swanley a yankin Kent, daga nan muka haɗa kuɗin tasi da wasu turawa biyu uba da ɗa, yaron sanye da hular BMW uban kuma ta Honda, tun a motar suke ta musu. Go-sulo ya riƙe mu a bakin ƙofa kusan rabin awa, Kawu dai na rungume da filas ɗin shayinsa da ledar kilishin da aka aiko masa daga gida.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne gangaren nan da ake kira Paddock Hill Bend. A talabijin kwana ce kawai, amma in ka tsaya kusa sai ka ga kamar rijiya motocin ke faɗawa, su sauka da ƙarfi har ƙasan mota ya kusa gogar kwalta sannan su haura tudu zuwa kwanar Druids mai kama da lanƙwasar lauje. Filin gaba ɗaya kamar kwano yake, shi ya sa muka nemi wuri a kan tudun ciyawa da ake kira South Bank inda kana zaune kana ganin kusan rabin hanyar. Sauran rabin kuwa cikin daji yake shiga, domin ranar doguwar hanyar Grand Prix ake bi mai kusan kilomita 3.9, sai dai ka bi su a babban allon talabijin har su sake fitowa.

Kafin a fara an bar mutane su zagaya bayan garejoji, kuma nan ne Kawu ya manta da ni kwata-kwata. Ya tsaya gaban wata Honda Civic da aka cire wa tayoyi yana leƙa faifan burki, ya ce min ɗana duba faɗin wannan abu, ya kusa kai faranti. Na ce masa jikin ne kawai na Civic da Corolla da BMW amma ciki duk an yashe, ba kujerar baya ba kafet, sai ƙarafan kariya da kujera ɗaya, injin kuma lita 2 ne mai turbo ga kowa, kuma abubuwa da yawa kamar giyabos da burki iri ɗaya doka ta ce kowa ya sa don kada mai kuɗi ya sayi nasara. Ya jima yana kallon wata Corolla, wadda a shekarar ne aka fara shigar da ita gasar hannun Tom Ingram, ya ce ashe ƙanwar motar da muke lodin buhunan masara a but ce ake yi wa wannan gata.

Ga yadda lissafin yake a wancan lokacin ga wanda bai sani ba. Kaka ɗaya tana da tsere 30, ana zuwa wuri 10 a yi uku-uku a rana ɗaya, a shekarar an fara a nan Brands Hatch aka bi ta Donington da Thruxton da Croft da Oulton Park da Snetterton, aka sake komawa Thruxton, aka haura Knockhill a Sukotlan, sai Silverstone, sannan aka dawo inda aka fara. Na ɗaya maki 20 yake samu, na biyu 17, na uku 15, a yi ta sauka. Abin da ya fi burge ni shi ne a wancan lokacin in kana kan gaba sai a ɗora wa motarka ƙarin nauyi, a shekarar har kilo 54, kamar an sa maka buhun siminti a gefe, sannan a tsere na uku ana jefa ƙuri'a a juya jerin tashin na gaba-gaba. Wasu na cewa zalunci ne a hukunta mutum don ya iya, ni dai ina ganin shi ya sa har ranar ƙarshe ba wanda ya san gwani.

Mutum uku ne kowa ya zuba wa ido. Colin Turkington ɗan Ireland ta Arewa a BMW, mai riƙe da kambu, wanda ya ci a 2009 da 2014 da 2018. Sai Andrew Jordan shi ma a BMW, wanda ya yi mummunan hatsari a Donington farkon kaka har ya rasa tsere biyu amma ya dawo ya yi ta ci. Sai Dan Cammish a Honda Civic, shekararsa ta biyu kenan a gasar, kuma shi ne nawa tun farko, don yaron ba ya yawan cin tsere amma kullum yana nan yana tsintar maki kamar mai kalar gyaɗa.

Tsere na farko yayyafi ya sauko ana tsaka da gudu, hanya ta yi santsi, Cammish da ya tashi daga na 12 ya yi ta wuce mutane ɗaya bayan ɗaya har ya ci. Na yi ihu har muryata ta fara dishewa. Kawu ya ce ai dole, mota mai ja da tayar gaba ta fi riƙe ƙasa in an yi ruwa, BMW kuwa da baya take turawa shi ya sa take ta kaɗa wutsiya.

Na biyun ne ya tada hankalin kowa, kuma a gabanmu abin ya faru. Zagayen farko suna saukowa daga Druids zuwa kwanar Graham Hill sai Matt Neal, abokin Cammish a ƙungiya ɗaya, ya taɓa motar Turkington, BMW ta juya ta fita daga hanya kowa ya wuce ta. Tudun nan gaba ɗaya ya ɗauki ihu, rabi na murna rabi na zagi. Gaskiya ni ban ji daɗi ba duk da nawa ne ya amfana, ba haka nake so a ci ba. Ash Sutton ya ci tseren da Subaru, Turkington ya ƙare na 25, Cammish ya koma saman teburi da tazarar maki 8.

Mun samu wani lungu bayan motocin da aka faka muka shimfiɗa leda a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa muka yi sallah, muka sha shayi da kilishi. Wani dattijo da ke kusa da mu a kan kujerar naɗewa, da muka miƙa masa kilishi ya ɗanɗana ya yi ta tari saboda yaji, shi ya ba mu labarin cewa tun shekarar farko ta gasar a 1958 a wannan filin aka raba gardama, Jack Sears da Tommy Sopwith suka yi kunnen doki a maki sai aka ba su motoci iri ɗaya ƙirar Riley suka kara, Sears ya ci.

Tsere na uku rana ta yi ƙasa sosai. Turkington daga na 25 ya tashi, kuma ban taɓa ganin tuƙi irin wannan ba, duk sanda suka fito daga daji sai ka ga farar BMW ta ƙara matsowa, ya wuce wannan ya wuce wancan har ya shigo cikin goman farko. Amma ni ina ta lissafi a waya, ko ya kai na shida maki 10 ne, jimla 320, Cammish kuwa yana da 318 tun kafin a tashi kuma yana zaune a na takwas, wato kambu na hannunsa in dai ya kai mota gida. Kawu ya dafa kafaɗata ya ce ɗana kar ka yi saurin murna, tun safe nake kallon yadda suke taka burkin nan, ƙarfe ma yana gajiya.

Saura zagaye ɗaya da ɗan wani abu, sun shiga daji, sai allon ya nuna Civic tana juyawa a kwanar Hawthorn, inda ake shigowa da mugun gudu bayan gangare, ta tafi da baya ta daki katangar tayoyi. Burki ya ƙi. Na ɗora hannu biyu a ka ina ta innalillahi, yaron nan mai hular BMW da muka sake haɗuwa da su yana tsalle uban kuma ya zauna daɓas a ciyawa. Cammish ya fito da ƙafarsa lafiya lau alhamdulillahi, amma yadda ya tsaya bakin katanga kai a sunkuye har yau in na tuna sai zuciyata ta karye, wata bakwai yana tara maki sai a nan abin ya zube. Jason Plato ne ya ci tseren, nasararsa ta 97 kenan, amma hankalin kowa na kan Turkington da ya tsallake layi a na shida ya ɗauki kambu na huɗu, ya kamo tarihin Andy Rouse wanda shi ma ya ci huɗu. Maki 320, Jordan 318, Cammish 318, aka ba Jordan na biyu saboda ya fi yawan cin tsere.

Na tafa wa Turkington, ya cancanta, mutumin da aka jefar zuwa na 25 ya dawo da ƙarfinsa. Duhu ya yi kafin mu samu motar da za ta mayar da mu Swanley, takalmanmu duk taɓo. A jirgi ni na yi shiru, Kawu kuwa ya ɗauko biro yana zana min faifan burki a bayan tikitin shiga, yana nuna min inda zafi ke taruwa in mota ta daɗe tana bin bayan wata iska ba ta shiga, har muka iso Victoria bai gama bayani ba.