Rubutun da kunne ne zai karanta shi

Mafi yawan abin da nake rubutawa a Yamai ba da ido ake karanta shi ba. Wasan kwaikwayo ne na rediyo da gajerun saƙonnin faɗakarwa kan rigakafi ko tsabtar ruwa, kuma mai saurarona yana bakin aikinsa: tela a Wadata, direban taksi a kan gadar Kennedy, mace tana surfe a wani ƙauyen Adar. Babu mai cewa a dakata ya koma layin baya. Abin da ya wuce kunnensa ya wuce ke nan, kuma sanin haka ne ya sauya min hannu.

Aikin da ake kawo min kusan kullum da Faransanci yake zuwa, da dogayen jimloli, kowace ta goya wata kamar mai tagwaye. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya, za ka fito da kalmomin Hausa zalla amma ba Bahaushen da zai gane inda aka dosa. Shi ya sa nake karanta takardar har ta zauna min, in kife ta, in kunna wayata in faɗi abin da ke ciki da baki, yadda zan gaya wa maƙwabciyata ta kan katanga. Wannan muryar nake kwafewa. Sai na gama nake buɗe takardar in duba adadi da sunan magani da ranaku, don nan kam ba a yarda da tunani.

Daga nan sai Gwaggo. Ƙanwar mahaifina ce, daga Tawa ta zo, tana zaune tare da mu a Bukoki, ba ta taɓa shiga lakwal ba. Da la'asar in tana tsince zogale a faifai nakan zauna gefenta in karanta da ƙarfi. Ba na tambayarta ko ya yi daɗi, hannunta nake kallo. In labari ya kama ta, hannun sai ya tsaya cak a kan ganyen. In ya ci gaba da tsinta ba ko ɗagowa, na san wurin yana buƙatar wuƙa.

Wata rana na karanta mata rubutun wani saurayi da aka ba ni in gyara. Ana cikin hirar mutum uku ta ce, "Ɗiyata, tsaya. Wa ke magana yanzu?" A takarda sunan kowa yana gefen maganarsa, a rediyo kuwa babu gefe. Dole ƴan wasa su riƙa kiran juna, ko a bambanta muryoyinsu sarai, kuma in sun wuce uku a fage ɗaya an shiga ruɗu. Da muka ci gaba, uwa a labarin ta kira ɗanta na fari da sunansa gatsau. Gwaggo ta ajiye faifan. "Wace uwa ce wannan marar kunya?" Saurayin nan ya iya nahawu, amma wannan layi ɗaya ya isa matan karkara su daina yarda da duk abin da uwar za ta faɗa game da rigakafi, wanda shi ne dalilin wasan tun farko.

Kan karin harshe, ra'ayina a tsaye yake. Mai ba da labari ya riƙe daidaitacciyar Hausa don a ji shi daga Dogon Dutsi har Damagaram, amma Ba'adare a cikin wasa a bar shi da Adarancinsa, Bagobiri da nasa. Mutane suna son jin bakin garinsu a rediyo. Mai son gyara kunnensa ya zauna da tsofaffi, ko ya nemi cibiyar CELHTO a nan Yamai, wadda aikinta ke nan tattara adabin baka. A rubuce kuma ina bin ƙa'idar da Nijar ta tsayar a 1999, da haruffa masu lanƙwasa duka, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Rubutun da babu su yana sa ɗan wasa tuntuɓe a gaban makirufo, a yi ta maimaita ɗauka. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, don haka uzurin ya ƙare.

Lokacina bayan sallar asuba ne. A Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, kai ba ya aiki da rana, ga ɗaukewar wuta. Da bik nake rubutawa a littafi, in buga a kwamfuta daga baya, kuma bugun kansa gyara ne na biyu. Ina tashi ne a tsakiyar fage, inda na san abin da za a ce gaba, don gobe in tarar da bakin zaren a hannu. Yamma ta suna ce da biki da gaisuwar rasuwa, ba na jayayya da su.

Sai maganar kuɗi, wadda kunya ke hana mu yi. Kafin in ɗora alƙalami ina tambaya: minti nawa ake so, gyara sau nawa ke cikin farashin, tashoshi nawa za su watsa, kuma sunana zai fito ko a'a. Ina karɓar rabi kafin alƙalami, a rubuta yarjejeniyar ko da a saƙon WhatsApp ne. Labarin da na ƙirƙira da kaina kuwa, ina ba kowa shawarar ya kai irinsa BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ina sa ran masu neman a rubuta musu da ita za su ƙaru. Wanda ya zo da "ai Hausa ce, ba wuya", ina gaya masa farashina daidai da na mai rubuta Faransanci, in miƙa masa takardar ya sa hannu.